Lambar Dabba a Wayar Gwaggo: Sharhi Kan Saƙonnin Ƙarshen Duniya

A Dutsi, nan gefen Daura, muna da wata gwaggo da ta ba shekara saba'in baya. Ɗanta guda da ya rage yana neman kuɗi a Legas, duk ƙarshen wata kuma yakan aiko mata da ɗan abin cefane. Kuɗin ta asusun wani maƙwabci suke biyowa, wani lokaci su iso a cike, wani lokaci su iso da giɓi da dogon bayani. Da abin ya ishe mu, muka ce a buɗe mata nata asusun kowa ya huta. Ta amince, har ta ciro mayafin fita unguwa. Da ta ji cewa sai an ɗauki hoton fuskarta, ta dangwala yatsunta, an ba ta wata lamba, sai ta ninke mayafin ta mayar cikin adaka.

"Ku yaran nan, ina da ƙafa ɗaya a kabari kuke so a buga mini hatimin Dujal?"

"Haba Gwaggo, wa ya gaya miki haka?"

"Malam ne ya faɗa a waya."

"Wane malamin, Gwaggo?"

"Shi dai malam. Har ya ce su kansu Nasara abin yana cikin littafinsu."

Jikarta ce ta kunna mata saƙon. Muka roƙa aka turo mana, muka saurara sau uku. Murya ce ta namiji, Hausarsa tas, ba suna, ba gari, ba ranar da aka naɗa. Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da irinsa a WhatsApp ko TikTok ko Facebook. Sun yi yawan da ya kamata a daina ɗaukarsu shirme kawai. Sun zama wani reshe na adabin baka, suna da jigonsu da zubinsu da salonsu, kuma masu sauraronsu sun ninka masu karanta littattafanmu sau ba adadi. Saboda haka za mu yi musu abin da ake yi wa kowane adabi: mu duba yadda aka gina su, mu nemo inda suka ɗebo kayan gini, sannan mu faɗi abin da muka gani.

Yadda aka gina saƙon

Mai magana yakan buɗe da sallama da salati, sannan ya roƙe ka don girman Allah ka saurara har ƙarshe. Wannan roƙo shi ne ƙofar farko, domin daga nan wanda ya kashe wayar zai ji kamar ya ƙi Allah ne. Sai ya shiga rattabo abubuwan da ka riga ka sani, waɗanda ba ka buƙatar hujja a kansu: tiyar gero ta gagari talaka, ana sace mutane a hanya, ɗa ba ya jin maganar uba, an canza kuɗi mutane sun kwana a layin banki. Kowace jimla ka ji sai ka gyaɗa kai. Kafin ya kai minti biyar ka gyaɗa kai sau goma, wuyanka ya saba.

A nan ne yake sassauta murya ya fito da abin da ya kira sirri. Akwai wata lamba, 666, an rubuta a littafin Kirista cewa a ƙarshen zamani ba mai saye ko sayarwa sai wanda aka buga masa ita a hannu ko a goshi. To ga shi, in ji shi, ba ka iya taɓa kuɗinka sai da BVN, ba ka iya kiran ɗan'uwanka sai ka haɗa layinka da NIN, gobe kuma za a dasa wa kowa wata ƙwayar na'ura a ƙarƙashin fata. Wannan dabba da littafin ya ambata ita ce Dujal. Daga nan sai rufewa: ka tura wa duk wanda kake ƙauna, kada ka bari ya tsaya a kanka.

Dole mu ba mai shi haƙƙinsa, ya iya magana. Ya san inda zai ja numfashi, ya san amfanin tambayar da ba a jiran amsarta. Babban makaminsa kuwa kalmar "su" ce. Su ne suka shirya, su ne suke so, sun daɗe suna jira. Ba ya taɓa cewa su wa, don haka kowane mai sauraro yakan cusa wanda ya tsana a gurbin: wani ya sa Amurka, wani Yahudawa, wani gwamnati, wani maƙwabcinsa Kirista.

Wanda ya tashi da jin waƙoƙin wa'azi zai gane cewa saƙon ya ci gadonsu. Tun zamanin masu jihadi har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi, malamanmu sun yi amfani da tsoratarwa, sun zana mutuwa da kabari da tsayuwar hisabi har sai jikin mai ji ya yi sanyi. Amma a lura da inda suke kai tsoron. Idan mai wa'azi ya gama razana ka, kanka yake maido ka: gyara sallarka, cika mudunka, biya bashi, daina cin dukiyar maraya. Shi kuwa saƙon waya, idan ya gama razana ka, sai ya nuna maka wasu can da za ka zarga, aikin da ya ɗora maka kuma bai wuce danna maɓallin turawa ba. A ma'aunin adabin wa'azi wannan babbar naƙasa ce. Tsoron da bai sa mutum ya gyara komai ba, ya dai hana tsohuwa karɓar kuɗin ɗanta, bai cika sunan wa'azi ba.

Littafin da aka yi wa ɗaukar ɗaiɗai

Tun da ya ce abin yana cikin littafi, muka nemi littafin. Ba wuyar samu gare shi ba, domin an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, yanzu ma yana cikin waya. Shi ne na ƙarshe a Sabon Alkawari, sura 22 ne. Tsohuwar fassara ta kira shi Ru'ya ta Yohanna, ta baya kuma Wahayin Yahaya. Kada mai karatu Musulmi ya ruɗe: wannan Yahayan ba Annabi Yahaya ɗan Zakariyya ba ne. Wani mabiyin Almasihu ne da ya ce yana tsare a tsibirin Batmusa saboda imaninsa, mafi yawan masana kuma suna sa rubutun a wajen shekara ta 95 Miladiyya, zamanin Sarkin Rum Domitiyan.

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne cewa wasiƙa ce, har da sunayen waɗanda aka aika wa. Ikilisiyoyi bakwai ne a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, irin su Afisa da Samirna da Lawudikiya. Mutane ne 'yan tsiraru a ƙarƙashin daular da ta fi kowace ƙarfi a duniyarsu, daular da ake gina wa sarakunanta ɗakunan bauta a biranen nan. Wanda ya ƙi girmama sarki irin girmamawar da ake yi wa abin bauta, ana iya ɗaukarsa maƙiyin hukuma, kasuwancinsa da ransa su shiga haɗari. Irin waɗannan mutane ne aka rubuta wa labarin dabba mai kai bakwai da ƙaho goma.

Bahaushe bai kamata ya sha wuyar gane wannan salo ba. Mu ne masu habaici da zambo da tatsuniya. Idan makaɗi yana son taɓa mai mulki ba tare da ya kwana a gidan yari ba, kura yake kira ko ungulu, duk wanda ke wurin kuma ya san da wa ake. Haka marubucin Wahayi ya zana wata mace mai ado da ya kira Babila, zaune a kan duwatsu bakwai. Duk wanda ya rayu a wancan zamani ya san birnin da aka gina a kan tuddai bakwai, wato Rum. Mai neman Babila a Abuja ko a Washintan sai ya fara bayyana mana abin da ya sa mutanen Afisa za su damu da garin da ba a kafa ba tukuna.

Abu na biyu, akwai wurare a littafin da suka fi 666 kusa da rayuwarmu, amma saƙon bai ko kalle su ba. A sura ta 6 akwai mahayin baƙin doki riƙe da ma'auni, a zamaninsa ladan yinin lebura ɗungurungum ba ya wuce awon alkama ɗaya, alhali mai da ruwan inabi ba a taɓa su ba. Wanda ya je kasuwa da kuɗin ƙwadagonsa na yini ya dawo da abin da bai cika tukunya ba, ya san wannan doki. A sura ta 18 kuma attajirai ne ke kuka saboda faɗuwar Babila, aka jero hajarsu tun daga zinariya da siliki da hauren giwa, aka rufe jerin da bayi, wato 'yan Adam a matsayin kayan sayarwa. Littafi ne mai fushi da zaluncin masu mulki da haɗamar masu dukiya, ya kuma ƙare da sabon birni inda babu sauran kuka ko mutuwa. Ko mutum bai yi imani da shi ba, zai ga cewa an rubuta shi ne don a ƙarfafa wa raunana gwiwa. Mai saƙonmu ya tsallake duk wannan ya tsinci lamba ɗaya, kamar wanda aka ba rago ya ɗauki ƙaho ya tafi.

Hisabin 666

Ita kanta lambar, a sura ta 13 take, marubucin kuma ya nuna cewa lambar sunan wani mutum ce, mai basira ya lissafa. Nan ma muna da abin da zai taimake mu a gida. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa kowane harafin Larabci yana da adadinsa. Da shi mawaƙanmu na ajami suke saka ramzi a ƙarshen waƙa, kalma ɗaya ta ɗauke shekarar da aka yi ta. A lissafin da muka gada daga Magrib, shinun dubu ne, ra kuma ɗari biyu, shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira yakan ƙunshi waɗannan haruffa biyu. Yahudawa da Girkawa su ma haka suke yi da nasu haruffan.

Idan aka rubuta sunan Neron Kaisar da haruffan Ibrananci, baƙaƙe bakwai ne. Na sunan Neron su ne 50 da 200 da 6 da 50, jimla 306. Na Kaisar su ne 100 da 60 da 200, jimla 360. A haɗa, 666. Nero shi ne sarkin Rum daga shekara ta 54 zuwa 68, wanda ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar birnin ta shekara ta 64 ya yi musu kisan gilla. Akwai ƙarin abin lura. Wasu tsofaffin kwafe na littafin 616 suka rubuta, har wani babban malamin Kirista mai suna Iraniyus ya ambaci wannan saɓani tun wajen shekara ta 180. To idan aka faɗi sunan yadda Rumawa ke faɗinsa, Nero, aka jefar da harafin ƙarshe mai adadi 50, abin da ya rage 616 ne cif. Mabuɗin da ya buɗe ƙofa biyu ya fi wanda ya buɗe ɗaya, shi ya sa masana da yawa suka karkata ga wannan bayani, ko da yake akwai Kiristocin da ke ganin ma'anar ta zarce Nero.

Abin da masu hisabi suka sani, mai sauraron waya bai sani ba, shi ne cewa daga suna zuwa lamba hanya ɗaya ce, daga lamba zuwa suna kuwa hanyoyi dubu ne. Wanda ya ƙudurta sai ya fitar da 666 daga sunanka zai fitar, ya ƙara harafi ko ya rage, ya sauya harshe, ya haɗa da lambar gidanku. An yi wa fafaroma daban-daban, an yi wa Napoliyon, an yi wa Hitila. BVN da NIN kuwa kowace lambobi goma sha ɗaya ce, a takarda da kwamfuta suke, ba a goshin kowa ba.

Hanyar da fassarar ta biyo kafin ta iso Dutsi

Mai saƙon ya ce "Nasara da kansu sun faɗa", kamar duk Kiristan duniya bakinsu ɗaya. Ba haka abin yake ba. Tun ƙarni na 5, Agustin, babban malamin coci ɗan Afirka ta Arewa, ya karanta shekaru dubun da ke sura ta 20 a matsayin misali, kuma manyan coci-coci sun daɗe a kan irin wannan fahimta. Karatun da ke ɗaukar littafin kamar jadawalin labaran gobe, da maganar fyaucewa, wato za a ɗauke masu bi zuwa sama kafin tsananin ƙarshe, wani mai wa'azi ne John Nelson Darby ya tsara shi a shekarun 1830. Wani bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield ya yaɗa shi a Amurka daga 1909. A 1970 Hal Lindsey ya fitar da The Late Great Planet Earth, aka sayar da miliyoyi. A ciki ya ɗauki Rasha a matsayin Yajuju, ya ɗauki ƙungiyar kasuwancin Turai a matsayin ƙahoni goma, ya kuma nuna cewa komai na iya cika cikin shekara arba'in daga kafa Isra'ila a 1948. Da Girka ta zama ƙasa ta goma a ƙungiyar a 1981, masu wannan ra'ayi suka ce ga shi nan. A 1986 Sifaniya da Fotugal suka shiga, ƙahoni suka zama sha biyu. Shekarar 1988 ta zo ta wuce, Tarayyar Sobiyat kuma ta wargaje a 1991.

Bai zama na farko ba, bai zama na ƙarshe ba. Mabiyan William Miller sun jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye kamar kullum. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya matsar zuwa 21 ga Oktoba. A 2020 Fasto Chris Oyakhilome ya danganta fasahar 5G da annobar korona, har hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Ingila ta hukunta tasharsa. Wani lokaci abin yakan wuce kunya ya kai ga rai. A Yulin 2022 'yan sanda sun fito da mutum 77, ciki har da yara, daga ɗakin ƙarƙashin wani coci a garin Ondo inda suke jiran fyaucewa. A dajin Shakahola na Kenya an tono gawa sama da 400 tun daga 2023, na mutanen da aka sa su ƙaurace wa abinci don su sadu da Yesu.

To wannan kaya ne ya taso daga Amurka da Turanci, ya ya da zango a bidiyon wasu masu wa'azi na Kudu, wani ya juye shi zuwa Hausa, ya goge sunan mai shi, ya cire dabba ya sa Dujal, ya liƙa salati a gaba. A adabi wannan sunansa satar fasaha. Ɗinkin ma bai ɓoyu ba. A hadisai, rubutun da ke tsakanin idanu a goshin Dujal kansa yake, alama ce da mumini zai gane shi da ita, babu 666 a ciki, babu batun asusun banki. A ɓangaren Kirista kuma, kalmar magabcin Almasihu a wasiƙun Yahaya take, ba ta cikin Wahayi ko sau ɗaya. An yanko hannun riga daga nan, wuya daga can, aka ce ga babbar riga. Abin takaici, sau da yawa saƙon da ya ari fassarar wani ɓangare na Kirista shi ne kuma yake cusa wa mai ji zargin Kirista. Alhali Hausawa Kiristoci na Malumfashi da Kafur layin banki ɗaya suka bi da mu, kuma da yawa daga malamansu suna gargaɗin mabiyansu a kan masu sa wa ƙarshen duniya rana.

Mu ma mun taɓa jira

Kada mu yi dariya da yawa, don ƙasar Hausa ta san wannan jira. Imam Suyuɗi, wanda ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, ya rubuta risala yana cewa al'umma za ta haura shekara dubu amma ba za ta wuce 1500 na Hijira ba. Ijtihadinsa ne, ba nassi ba, amma ya zauna a zukatan malamai. A zamanin jihadi mutane da yawa sun zaci Shehu Usmanu shi ne Mahadi, sai da ya yi rubutu ya kore wa kansa. Jikan Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, dubban mutane sun bar gonakinsu sun bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, tafiyar da ta ƙare a Burmi a watan Yulin shekarar. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka tashi da sunan Mahadiyya, aka rushe garin aka yi musu kisan da har yau ake jimami.

Labarin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Isawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, alaihissalam, ya tara almajirai masu ɗaukaka shi da sauraron dawowarsa. Hukuma ta ga abin ya kauce, aka kashe shi a Kano, mabiyansa suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je wurin Dakta Walter Miller, ɗan mishan da ke Zariya, wanda ba shi da alaƙa da wancan Miller na Amurka sai ta suna. Suka karɓi Kiristanci, suka kafa zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna mai yawa, waɗanda suka tsira daga baya suka zama cikin tushen al'ummar Wusasa. Shi wannan Miller yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar 1932. Wato littafin da muka buɗe don mu binciki saƙon Gwaggo, tarihinsa a Hausa ya ratsa ta cikin mutanen da su ma jira ne ya raba su da garuruwansu.

Abin da ya haɗa waɗannan labarai shi ne lokacin da suke tasowa. Duk sa'ad da duniyar da mutum ya sani ta rushe a gabansa, sarauta ta faɗi ko kuɗi ya mutu a hannu, yakan ji kamar duniyar ce gaba ɗaya ta zo ƙarshe. Mutanen Burmi ba wawaye ba ne. Duniyarsu ta ƙare da gaske, sai dai rana ta ci gaba da fitowa.

Hukuncinmu

Saboda haka ba za mu ce saƙon ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. A Disambar 2020 aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN, daga baya aka toshe layukan mutane da yawa. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mai shanu a kasuwar Mai'adua ya kasa sayarwa, mai kuɗi a banki ya kasa sayen magani. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli kuma aka rufe iyaka, mu da rabin danginmu da cinikinmu ke tsallake. Wanda ya rayu cikin wannan, aka ce masa wata rana za a hana shi saye da sayarwa, ba zai ji abin kamar almara ba. Tambayoyin da ke ƙarƙashin tsoron na gaske ne: wa ke riƙe da bayananmu, wa ke da ikon rufe asusun talaka, ina tsohuwar da yatsunta suka goge saboda surfe za ta kai kuka idan na'ura ta ƙi karanta su?

Laifin saƙon shi ne ya ɗauki waɗannan tambayoyi, waɗanda ake iya kai wa ɗan majalisa da jami'in banki da gidan rediyo, ya mayar da su ƙaddarar da ba a iya taɓawa. Idan Dujal ne ya kawo layin banki, ba wanda za a tuhuma, ba abin da za a gyara. Mai mulkin da ya yi sakaci ba zai samu lauyan da ya fi wannan ba. Ya kuma yi wa littattafai biyu rashin adalci lokaci guda, domin Alƙur'ani ya bar sanin Sa'a ga Allah Shi kaɗai, Linjilar Matiyu da ta Markus su ma sun ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar. Musulmi da Kirista duk sun yi imani da dawowar Almasihu da ranar sakamako, ko da yake sun saɓa a bayani. Wannan imani daban, sana'ar masu liƙa wa kowane sabon abu lamba daban.

Ga marubutanmu kuma akwai abin dubawa a nan. Mutumin da ba shi da suna ya riƙe hankalin tsohuwa da jikarta da magana kawai, domin ya taɓa abin da ke hana su barci. Littattafanmu nawa ne suka yi haka a kan canjin kuɗi, ko rufe iyaka, ko Satiru, ko Gimi? Filin da muka bari ne ya shuka.

Gwaggo dai ba mu ci mata da hisabin Nero ba, ba ta ma bari mun kai ƙarshensa ba. Limamin unguwa ne, da ya zo gaishe ta, ya tuna mata da hadisin da ya umarci wanda Sa'a ta riska da dashen dabino a hannu ya dasa shi in ya samu iko. Ya ce mata, "Iya, in ma gobe ne tashin, yau dai sai kin ci tuwo." Ta yi dariya, ta ce za ta yi shawara. Har yanzu mayafin yana cikin adaka, kuɗin kuma ta asusun maƙwabci suke biyowa. Amma ranar da jikarta ta zo da wani sabon saƙon, mun ji ta ce mata ta fara tambayo sunan malamin da garinsu tukuna. Allah Ya sa mu cika da imani.